Na Ɗora wa Maiɗakina Laifin Yatsana

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma a saurare ni kafin a yanke mini hukunci.

Shekarata hamsin, ina shugabantar wata makarantar sakandare a yankin Ɗanbatta. A zauren WhatsApp na malamai, duk saƙon da ya shigo nakan danna masa hoton nan na babban yatsa a ɗage, wato na gani. Hannuna ya saba har ya daina shawara da ni.

Wata Laraba ina tsakiyar duba takardun jarrabawa, Sani, ɗan baffana, ya sanar da rasuwar mahaifinsa a zauren danginmu. Na danna yatsan, na ajiye waya. Duk ƙauyenmu an san shekara shida ba ma gaisawa da Baffa saboda iyakar gona. Kafin in isa jana'iza, maganar ta zagaye gari. A wurin zaman makoki Sani ya ƙi karɓar hannuna, ya ce a hankali, "Yaya, madalla ka yi da mutuwar tsohonmu?" Kunya ta rufe ni. A gaban dattawa na ce wayar tana hannun maiɗakina a lokacin. Suka ce aikin mata ne, aka matsa mini wuri a tabarma.

Wata biyar ke nan. Matan dangi sun daina sayen man gyaɗar da maiɗakina take matsewa, an yi suna biyu ba a gaya mata ba, matar Baffa kuma ba ta amsa gaisuwarta. A bakin mata ta ji abin da na faɗa, ba ta ƙaryata ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, ni ko bokon ban iya karantawa ba, amma tunda ka faɗa, na ɗauka."

Wane irin ilimi ne wannan nawa? Abin da ya fi ci mini rai ma, na tuna idona ya faɗa kan "Innalillahi" kafin in danna. Sabo ne kaɗai, ko zuciyata ce ta riga ni magana? Wallahi ban sani ba.

In na faɗi gaskiya yanzu, za a ce na yi murna da mutuwa, na kuma yi ƙarya a wurin makoki. In na yi shiru, ita za ta tsufa da laifina a cikin dangina.

Me zan yi?