Wai Duk Hoto Hoto Ne

Laraba da dare, tsakiyar damina

Har yanzu raina a ɓace yake. Kawu Sale, mai gidan kallonmu, ya ce gobe zai mayar da sabuwar na'urar faifan da aka kawo mana gwaji daga Kaduna, wai bai ga abin da ta fi tsohuwar da shi ba. "Duk hoto hoto ne, Ɗanjuma, ka cika ƙaƙale." Ta ina zai gani? Mutumin da ke zama a ƙofar gidan kallo, ya ba talabijin baya yana hira da mai shayi!

Ni ne ke zaune gaban allo ina karanta Turancin da ke gudu a ƙasa, ina fassara wa 'yan kallo. A tsohuwar na'urar haruffan kamar tururuwa sun faɗa ruwa. Sai na ƙanƙance ido har hawaye ya zubo, rabin maganar ma da ka nake cikewa. Yau kuwa har ɗigon kan harafi na gani, har gumin goshin jarumin. Wani Bafulatani daga Kuyello ya ce, "Yau kam yaron nan bai yi in'ina ba."

Ba wanda ya sa ni a makarantar boko. A jikin allon nan na koyi karatu, amma ba zan ƙarar da idona a kansa ba.

Na faɗa wa Kawu a gaban kowa: in tsohuwar ta dawo, shi zai zauna a bencina ya fassara. Tunda duk hoto hoto ne, Kawu, bismillah.