Zanin da Ka Tauna a Hanyar Ɗanbatta

Malam,

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga ni da yara. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, babu ɗan aiken da ke zuwa inda kake. Amma dama ko da ranka ba jin maganata kake ba, to bambancin kaɗan ne.

Gida lafiya. Gyaɗa ta yi kyau bana. Amalanken da ya danne ka an gyara shi, yayanka Sale ke aiki da shi. Shi ne kuma ya zama maroƙinka. Duk majalisar da ya zauna sai ya ba da labarin yadda amalanke cike da buhunan gero ya murƙushe maka cinya da ƙugu, aka ɗauke ka tun daga gona har asibiti ba ka ce uffan ba. Namijin duniya! Su kuwa sai gyaɗa kai suke, wai irinku sun ƙare. Allah Ya sa su ƙare ɗin.

Ka tuna Malama Hadiza, ma'aikaciyar ɗakin shan magani? Ita ta ɗaure maka ƙafar da katako, ta hau bayan a-kori-kura tare da mu. Ta ce akwai allurar rage zafi a jakarta. Sau uku tana tambayar yadda kake ji, sau uku kana satar kallon Sale kana cewa da sauƙi. Da sauƙi! Gumi yana tsiyaya daga gemunka, leɓenka ya yi fari fat. Har ta ce maka ita ba dubiya ta zo ba, tambayar aiki take, ka faɗi gaskiya ta san abin da za ta ba ka. Sai Sale ya tsoma baki, wai a gidanku ba a yi wa maza allurar 'yan ƙwaya, za ta gusar maka da hankali ka kasa kalmar shahada. Ta ce da awo ake yi, hankalinka ba inda za shi. Kai da bakinka ka ce a bari. Shi kuwa gwanin naka, ranar da ƙaya ta soke shi a gona, sai da unguwa ta ji.

Kanka a cinyata yake. Duk ramin da mota ta faɗa, ni nake jin yadda jikinka ke ƙamewa. Ka cusa gefen zanina a baki kana taunawa don kada maza su ji muryarka. Shahadar da aka hana ka allura saboda ita, da ƙyar ta fita ta tsakanin haƙoranka, ina maimaita maka a kunne.

Allura ba ta hana ajali, na sani. Likita ya ce jini ne ya zuba a ciki. Amma wa ya wajabta maka tafiya da wannan azabar? Wa ka burge? An ba ka lambar yabo a kabari? Ni ma da laifina, yau zan faɗa maka. Na so in ce Malama ta yi maka ko da tsiya, kunyar wan miji ta rufe min baki. Na raina kaina a kan wannan fiye da yadda na raina Sale.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ranar kasuwar da ta wuce ina suyar ƙuli-ƙuli, ɗanka Nura ya yi tuntuɓe, tafasasshen mai ya zubo masa a ƙafa. Yaro ɗan shekara bakwai, Malam, bai yi kuka ba. Ya datse haƙora irin naka sak. Sale ya shigo yana sa masa albarka, wai ɗan babansa ne, a fasa ƙwai a shafa masa kawai. Na aika aka kira Malama Hadiza. Ta daɗe tana kwarara masa ruwan randa, sannan ta fito da wata takarda mai zanen fuskoki, daga mai murmushi har mai kuka, ta ce ya nuna wadda ta yi daidai da yadda yake ji. Jikinsa yana ɓari, ya kalli Sale, ya ɗora yatsa a kan mai murmushi.

Wallahi a nan na ga za a sake yi min irin ta bayan mota, ina tsaye.

Na shiga ɗaki na ciro zanin nan daga ƙasan akwati, ko wanke shi ban taɓa yi ba. Na shimfiɗa a gabansu, na nuna wa Nura hujojin da haƙoranka suka yi. Na gaya masa wannan kukan babansa ne, a nan ya ɓoye shi. Sale ya ce na ci mutuncin mamaci. Na ce mutuncin da bai hana mamacin cin zani ba, Sale ya riƙe abinsa, ga ƙofa nan.

Nura ya zura yatsa cikin huji ɗaya, ya daɗe yana kallo. Sai ya mayar da yatsan kan fuska ta ƙarshe a takardar, ya ɓarke da kukan da ya sa maƙwabta suka leƙo ta katanga. Malama ta ƙiyasta nauyinsa, ta auna masa magani daidai jikinsa, ta jira ya kama shi kafin ta taɓa ciwon. Bayan la'asar yana barci. Ƙafar tana warkewa.

To na tona maka asiri, kuma ban nemi izininka ba. Sale ya daina amsa gaisuwata, kunnena ya huta. Gonarka Nura zai gada, da fartanyarka, da sunanka. Da sauƙin nan naka kuwa ba zai gada ba, muddin ina numfashi.

Sai mun zo. Allah Ya jiƙanka, Ya ba ka can sauƙin da ka ƙi karɓa a hanya.

Matarka Binta,
uwar yaron da ya iya kuka.