Hanyar da Jirgi Ya Bari

La Courneuve, ran Litinin

Kausar, ki aje abin da ke hannunki ki saurare ni yanzu, ko tukunya ce bisa wuta ki sauke ta. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Chaibou da yara. Ya Lyon, ya hawan bene, an gyara muku asansar ɗin, injin nan mai hawa da mutane sama? Ni lafiya lau, sai gwiwa. Fatou maƙwabciyarmu ta hawa na biyar ce ke rubuta min, don tarho a falo yake, falon kuwa ba ya rabuwa da kunnuwa.

Yayanki zai kashe min jikoki. Ƙarshen satin nan shi da matarshi da Affan da Afra za su tafi wikend can ƙauye bisa kekuna, kuma hanyar jirgin ƙasa za su bi. Kwana huɗu ke nan taswira na shimfiɗe bisa tebur, ko kofin shayi an hana ni ajewa. Afra ce ta kama yatsana ta ɗora bisa wani koren zare, ta ce nan ne hanyar jirgi, nan za su bi, Asabar da Lahadi.

Mu dai a Damagaram ba mu taso da jirgi ba, amma na ga yadda na nan ke wucewa, iskarshi kaɗai ta kusa tafiya da mayafina. Na faɗa ma matarshi, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta juya ta maimaita mishi da Faransanci. Shi kuwa kin san ba ni iya tsare shi da magana. Ɗan fari ne. Shekara arba'in da shidda ban kira sunanshi ba, ban haɗa ido da shi ba, yadda aka tarbiyyantar da mu.

Sun sayo hulunan kwano guda huɗu. Hular kwano ce za ta tare jirgi? In sun rage murya kuma kalma ɗaya suke ta nanatawa, wai esai. Fatou ta ce gwaji ke nan. Ashe ko kekunan ba su amince da su ba, gwada su za su yi bisa ƙarfen jirgi.

Matarshi dai ta haɗa min 'yar jaka da magungunana, ina jin nan wajen Fatou za a bar ni. Ki kira shi ki hana shi, ke yana jin maganarki.

Uwarki,
Hajiya Fatsima

La Courneuve, ran Laraba

Kausar, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ki yaga takardar shekaranjiya. Kukan banza na yi. Fatou ta tambayo min: babu jirgi. Ya daina bin hanyar tun ba a haife ki ba, an cire ƙarfen an shimfiɗa kwalta, masu keke ke shan iska a kai. Yara ba abin da zai same su in sha Allahu.

Gwajin ba na kekuna ba ne. Nawa ne.

Jiya na buɗe jakar zan sa carbina, na ga takarda da hotona a manne. Na hau da ita wajen Fatou. Ta karanta, ta ƙi faɗa min abin da ke ciki, sai da na haɗa ta da Allah. Gidan tsofaffi ne, Kausar. Za a aje ni ran Juma'a da la'asar, a ɗauke ni Litinin. In na saba, wai akwai gado na dindindin bayan hutun lakkwal, makarantar yara. Yayanki ya sa hannu, Fatou ta nuna min wajen.

Gidan ma bisa hanyarsu yake. Akwai jan ɗigo a taswirar, Afra ta ce nan Kaka za ta huta, ita a zatonta otel ne. Wato an zauna an auna ni tare da tayoyi da gorar ruwa, an ga inda ya fi sauƙin sauke ni.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka ɗauko ni daga ɗakina, lokacin haihuwar Affan. Na goya, na yi wanki, na tsaya ƙofar lakkwal cikin ƙanƙara. Yanzu yara sun iya tsallaka titi su kaɗai. Na tambayi Fatou ina aka kai ƙarfen da aka cire daga hanyar nan, ta ce ba ta sani ba, ba mai tambaya.

Tsoro nake ji, ɗiyata. Wa zai nuna min gabas? In na ce ruwan alwala wa zai gane? In ta Allah ta kasance a can, wane hannu ne zai wanke ni? Yayanki ya san ba ni iya tambayarshi. Da kunyata ya jingina ya yi wannan shiri, a gabana, bisa teburin da nake gogewa.

Ki shigo jirgi ran Juma'a da safe ki tafi da ni. Jakata a haɗe take, sun rage miki aiki. Tabarma a koridonki ta ishe ni.

Ki gaida Malam Chaibou da yara, Allah ya yi muku albarka.

Uwarki,
Hajiya Fatsima

Fatou, kar ki liƙe takardar tukuna. Kausar, kar ki fara da maigidanki, kar ki fara da kawunku Maazou a Damagaram, su ji daga baya. Wanda za a fara faɗa ma cewa na sani, shi ne mai sa hannun. Fatou na kallona, tana jiran in ce yayanki. Rubuta yadda ya fito daga bakina. Ki fara faɗa ma Illiassou.