Na'urar Baban Munira

Gazawa, 4 ga Maris

Aminiyata Marwa,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da mutanen shagonku na gyaran ordinater, wato kwamfuta. Yaya zafin Maradi? Mu nan alhamdu lillahi.

Kin tambayi jikin maigidana, Baban Munira. Wurin da aka yanke ƙafar ya warke, likita ma ya ce ya fara gwada sanduna, amma suna nan jingine bayan ƙofa. Mutumin da ya yi shekaru bisa moto, babur ɗinsa na haya, tsakanin Gazawa da iyaka, yanzu ko zaure ba ya leƙawa. Abokansa 'yan kabu-kabu sun yi ta zuwa har sun gaji.

Ga dalilin wasiƙata. Ran Juma'a na same shi da wayata yana kallon tseren motoci na ordinater, har yana karkata kafaɗa in an zo kwana. Rabon da in ga idonsa ya bi wani abu haka tun kafin hatsarin. Ashe da can in ya kai fasinja Maradi yakan tsaya ya buga irinsa.

Na ji an ce irin wannan na'ura ana iya harhaɗa ta gunduwa-gunduwa, ni kuma ita nake so in haɗa masa. Gaskiya ne? Me ake fara saye? Kuma ta lakol ɗinmu, wadda nake buga wa ɗalibaina jarabawa da ita, me ya hana ta yin wasan? Ki bayyana mani kamar kina koyar da 'yan ajin farko. Kada ki kira, yana kusa, kuma so nake ya gan ta kwatsam. Ki ba Audu direba amsar.

Ki gaida Inna.
Taki, Asama'u

Gazawa, 19 ga Maris

Marwa ƙawata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, amsarki ta iso. Na karanta har na fara ganewa: prosesar ce ke tunani, kat grafik ke zana hoton, ram ke riƙe aikin da ake ciki, su duka kuma bisa kat mer, uwar allon, suke zama, wadda ba kowace prosesar take karɓa ba. Wannan ya ba ni dariya, ashe ƙarfe ma yana da zaɓe.

Sai dai asiri ya tonu. Kin ce in gano ƙarfin panno, wato farantin solarmu, kafin a zaɓi komai, ni kuwa shi kaɗai zan tambaya, don shi ya ɗaura shi. Ya dube ni, ya ce yaushe na fara damuwa da wat. Na faɗa masa gaskiya. Ya juya fuska bango, ni kuwa na ce a raina na taɓa masa ciwo. Da la'asar sai ga shi ya ce in miƙo masa takardarki.

Tun ranar ban huta ba. Yana so ya san me ya sa kat guda ke da fanka biyu wata uku. Yana so ya san ko ram biyu ƙanana sun fi ɗaya babba, kuma in sun fi, don me. Ya dage wai babbar kat ita ce komai, na nuna masa inda kika rubuta cewa batirinmu ba zai ɗauke ta ba, muka yi musu har tuwona ya kama. Marwa, na yi kewar musu da mutumin nan.

Ni ma ina da tawa: man nan da ake shafa wa prosesar, in ya bushe a zafinmu fa?

A gaida kowa.
Asama'u

Gazawa, 2 ga Afrilu

Aminiyata,

Ina fatan kin tashi lafiya, kuma ciwon bayan Inna ya yi sauƙi.

Mun tsaya a kan shawararki: prosesar matsakaiciya, ram biyu, da akwati mai shan iska sosai. Babbar kat ɗin ya haƙura da ita da kansa, bayan ya rarrafa tsakar gida ya karanta abin da ke jikin batirin. Ƙaramar da kika ce wani ya kawo shagonku, wadda aka ɗan yi aiki da ita, ita yake so.

Amma ya ce ba za a saye ta a hoto ba. Wai tsohon abu sai an kunna shi an saurara, ya ji ko fankar tana gurnani. Na ce masa ai sai ki ɗauko mana sautin a waya, ya ce waya ƙarya take yi.

Don haka kada ki aiko da komai. Jiya ya sa na kira Audu, ya roƙe shi kujerar gaba zuwa Maradi ran Litinin. Yau tun safe yake kai da komo da sanduna daga ɗaki zuwa zaure, ya faɗi sau ɗaya, ya hana ni ɗaga shi. Yanzu haka ina jin muryarsa a ƙofar gida yana gaisawa da masu wucewa.

Shagonku yana da matakala? In akwai, kada ki ce masa komai, kuma kada kowa ya kama shi. Ki dai ajiye kujera kusa da inda za a kunna.

Sai mun iso.
Taki har kullum, Asama'u