Alkafurar Mukhtar da Bakin Alhaji Sale

Daren Laraba, Daura

Har yanzu zuciyata ba ta huce ba. Yau a wurin suna na nuna wa mata hoton jikana Mukhtar a waya, yana juya jirgin yaƙi a sama ranar bikin sojoji. Sai Alhaji Sale, ƙanin marigayi maigidana, ya leƙo zaure ya ce, "Hajiya, alkafura ba ta korar ɗan bindiga. Wannan ai ɗan wasa kika haifa mana." Mata suka yi dariya. Ni da na koyar da rabinsu karatu!

Bayan isha'i na kira Mukhtar. Ya ce, "Amaryata, kada ki ji haushi, yana da rabin gaskiya. Juyin nan yana cinye gudun jirgi, wanda ya yi shi a gaban maƙiyi ya miƙa wuyansa. Amma shi ke koya wa hannu kamo jirgi idan ya kubce, ya koya wa jiki jure nauyin da ke sumar da mutum."

Rabin gaskiya! Ban nemi adalci wurin yaron nan ba, makami na nema. Duk da haka ya ba ni.

Ranar Juma'a akwai walima a gidan Sale. Zan bari a cika, sannan in tambaye shi cikin ladabi, wane ne bara jiri ya kwashe a kan tsanin rumbu, har matansa suka sauko da shi yana salati.