Hutun Cin Abinci da Bakin Azumi

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya ibada, ya yara? Ya ƙafar Inna?

Azumin bana ya zo mini da wuya. Kullum da rana dole in faka motar raba kaya in yi awa guda ta hutun cin abinci, ina zaune ina kallon titi. Na so in tsallake hutun in tashi da wuri, wakilin ƙungiyarmu ta ma'aikata ya hana. Ya ce, "In ka tsallake yau, gobe kamfani ya ƙara wa kowa kaya." Gaskiyarsa ce, to ya zan yi? A mota nake shan ruwa ni kaɗai. A gida, autata Ummi har ta daina ajiye mini faranti.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Inna, amma kada ki gaya mata.

Ƙaninki,
Sabi'u