Zomon da Tsinke Ta Kawo

Talata, 4 ga Yuni, 1974
Tun cikin bazara na ji wani labari a tashar mota, yau kuma ya sake zagayowa. Wai a Dingaya akwai wata karya da ke fita farauta ita kaɗai, ta kamo zomo, ta kawo wa ubangidanta da ransa don ya yanka. Na ce wa Ɗan'azumi direba, saura ka ce ita ke wasa wuƙar. A gaban kakata na tashi, na ji dabbobin da suka yi sarauta har da fadawa, amma ita in ta gama takan faɗa mana ƙarya ta shara.

Juma'a, 7 ga Yuni
Hadari ya haɗu, ya watse. Gero a kasuwa sai kallo.

Litinin, 10 ga Yuni
Matata Tani ta dawo daga Dingaya duba autarmu Zahara'u, ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kaina. Ashe karyar ta gidan surukina ce. Kurkunu ya kwantar da mijinta Maikano ƙafa biyu, bai yi shuka ba, rumbu kuwa tun farin bara ba komai. Zahara'u ta rame, nono ya ɗauke, jaririn in ya yi kuka sai ka sa kunne. Ga nama yana shigowa gidan, ba ta ci. Liman Haladu ya ce ko zomon yana motsi, haƙorin kare ya riga ya kashe shi, yankan banza ne, mushe ne. Ita kuma ta ce sai Baba ya duba, sai Baba ya ci.
"Kai ka cika mata kai da halal da haram," in ji Tani, "sai ka je ka sauke mata."
Ni da ko ruwa ban taɓa sha a gidan suruki ba.

Alhamis, 13 ga Yuni
Har Gwaram a bayan roli, motar kaya, sauran hanya a kan jakin aro. Ƙuguna ya faɗa mini shekaruna. A gidan Haladu na sauka, tare muka yi karatu muna yara, tun a lokacin ya fi ni saurin yanke hukunci. Na ce, ka duba zomon da hannunka? Ya ce, "Malam Badaru, ni da rawanina in je in tsuguna gaban kare?"

Juma'a, 14 ga Yuni
Na sami Maikano a zaure, ƙafafu a miƙe, an naɗe zaren tsutsar a jikin ɗan kara. Ya yunƙura zai durƙusa, na hana shi. Karyar tana kwance a bakin ƙofa. Tsinke sunanta, kuma ya dace: doguwa, ja, ciki a ɗame, ƙirji mai zurfi, baki siriri. Ba ta yi haushi ba. Kallona ta yi, ta kalli fuskarsa, ta mai da kai ƙasa. Wato an ba ni izinin zama ke nan.
Yana sunkuyar da kai yana ba ni asalinta. Uwarta ta wani Buzu ce mai raƙuman kanwa, in ta zabura barewa ba ta tsere mata, amma ko ka tsage maƙogwaro ba ta waiwayowa. Uban kuwa karen ruga ne mai bin tumaki, ba gudu, sai jin magana. Da gangan ya haɗa su. Cikin 'ya'yan wani ya ɗauko ƙafar uwa da taurin kanta, wani ya ɗauko kunnen uba da nauyin jikinsa. "Ita kaɗai ta haɗa, Baba."
Na ce, riƙon fa? Ya ce da ƙwan zabo ya fara, ta kawo masa a baki. In ta fasa ba ya dukanta, juya mata baya kawai yake yi. Daga ƙwai sai ɗan tsako. Na ce me ya kai ka wannan wahala? Ya ce, "Gajiya na yi da tambayar malamai." Sai ya tuna da wa yake magana, ya kama tari.

Asabar, 15 ga Yuni
Da hantsi ta dawo da zomo a baki, amma ba ta nufo zaure ba. Gindin kukar da ke bayan danga ta ajiye shi, ta kwanta nesa kaɗan, ta ɗora haɓa a ƙasa. Na je na duba. Matacce, wuya ya karye. Haƙarƙarinta a waje, nama a gabanta, ko lasa ba ta yi ba sai da Maikano ya ɗaga murya ya ce nata ne.
Na ce, kai ka koya mata rarrabewa? Ya ce wallahi a'a. Matacce dai in ta kawo ba ya karɓa, ita ta gane, ta zaɓi wurin ajiyewa.
Na daɗe a tsaye gindin kukar nan. Na san mutane masu gemu da ba su kai nan ba.

Lahadi, 16 ga Yuni
Ba ta samo komai ba. An miƙo mini jaririn ta kan zana. Kamar na ɗauki hula.

Litinin, 17 ga Yuni
Bayan gari ya waye na ce zan bi ta. Maikano ya kira ta, ya nuna ni, ya ce, "Tsinke, ga Baba." Shi ke nan. Ta shige gaba, in ta yi nisa ta tsaya ta jira tsoho, ba ta ko ɓoye cewa jirana take yi.
A wata saura ta ƙame, kunne ɗaya a sama. Zomo ya tashi. Ban taɓa ganin gudu irin wannan ba, kamar ƙasar ce ake janyewa a ƙarƙashinta. Zomo ya karkata hagu, ya karkata dama, ita ba ta bi sawunsa ba. Akwai wata sarƙaƙiya can gefe, can ta miƙe, ta riga shi isa. Ta san inda zai je tun shi bai sani ba. Ya juyo fili, ta doke shi da ƙirji, suka mirgina, ta tashi da shi ta fatar ƙeya yadda kyanwa ke ɗaukar ɗanta.
Ta kawo gabana, ta ƙi saki. Na miƙa hannu, ta ƙi. Sai da na kama ƙafafun baya da kunnuwan sosai, ta ji riƙon ya zauna, sannan ta buɗe baki. Wato ni ake gwadawa.
A zaure, gaban jama'a, na bi shi gashi gashi: wuya, gadon baya, ciki. Ba huda ko ɗaya, yawu kawai. Yana harbi da ƙarfi har ya yage mini hannun riga. Na aika a kira Haladu, aka ce ya tafi ɗaurin aure. Na fuskanci alƙibla, na yi bisimilla, na yanka. Jini ya yi tsartuwa har bango.
Da aka dafa na ce a kawo nan. Maikano ya rasa inda zai sa kansa, ya juya fuska ga bango. Na ce a ɗage zanar. Ina zaune a zauren surukina, maƙwabta na leƙe, na ɗauki cinya na ci, na sha romo har da ƙara. Daga ciki na ji muryar Zahara'u, ƙasa ƙasa: "Baba, ka ci?" Na ce, na ci, kuma gishiri bai ji ba. Sai na ji ƙarar akushi.
Ƙashin, ban san yadda aka yi ya faɗi wajen bakin ƙofa, inda Tsinke take kwance, ba.

Talata, 23 ga Yuli
Ruwa ya zauna, gero ya kai gwiwa. Tani ta ce na ishi mutanen zaure da zancen kare, har masu ɗaukar karatu sun fara guduwa. Sharri ne, sai an tambaya nake faɗa.
Yau na yi baƙo daga Dingaya. Nono ya dawo, yaron har ya fara jan gemun ubansa, ƙafa ɗaya ta Maikano ta warke. Ya ce kuma yanzu in Tsinke ta dawo daga daji sai ta fara tsayawa inda na zauna ta shinshina, kafin ta kai wa mai ita. Da can da na yi dariya. Ya ce ana zaton tana da ciki, wai wani ƙaninsa ke son a ajiye masa ɗa guda, ko zan sa baki. Na ce macen farko dai an riga an kama, na aika tun makon jiya. Saboda awaki, ɓarayi sun yi yawa.
Wanda ya kawo mini wannan labari, da rawaninsa da komai, Liman Haladu ne.